Teburin Uwar Ƙofa

Auta ta sake zaga rumfunan, takalminta mai tsini yana ƙwas-ƙwas a kan sabon siminti, sai ka ce zagayen ne zai sa mutane su tsiro a ciki. Ko'ina fes. An shafa koren fenti irin na kwalin sabulun kamfani, an ja famfo, an sa fitila a kowace rumfa, har da kwandon shara mai murfi. An ɗaura jan ƙyalle a bakin shiga, ga almakashi a kan faranti yana jiran hannun Babban Darakta. Abu ɗaya ne kawai babu, masu kasuwar. Ko ƙuda bai leƙo ba, don shi ma ya san inda abinci yake.

Wayarta ta yi ƙara. Ta ga lambar Manaja, ta ɗauka.

“Malama, sun shiga?”

“Yallaɓai, ana kan magana da su.”

“Tun wancan makon ake kan magana. Ki same ni a ofis yanzu.”

Ta fito da sauri. A bayan masana'antar sabulun aka gina kasuwar, a wani fili na kamfani da ya daɗe yana tara ciyawa, daidai gaban wata tsohuwar ƙofar ƙarfe da manyan motoci suke bi a da. Tun da aka sauya wurin lodi aka garƙame ta da kwaɗo, tsatsa ta ci rabinta. Don haka duk mai son shiga masana'anta daga nan sai ya bi doguwar katanga, ya sha kwana biyu, ya ɓullo ta babbar ƙofa. Kafin Auta ta kai ƙarshen katangar gumi ya jiƙe mata bayan riga.

A bakin babbar ƙofa kuwa, ai nan kasuwa take ci. Tebura sun jeru hagu da dama, laima kan laima, hayaƙi yana tashi, ana soya wannan ana yanka wancan. Masu abinci, masu lemo da ayaba, mai shayi da burodi, mai sayar da katin waya, kowa ya gyara zama yana jiran jiniyar rana ta busa ma'aikata su fito. Can sama da su ga wani ƙaton allon talla, da hoton Auta sanye da hular kammala jami'a tana murmushi, an rubuta a ƙasa: Da unguwarmu muka girma. Ba ƙarya aka yi ba. Da rumfar kwano ɗaya kamfanin ya fara, 'yan unguwa ya ɗauka aiki, ya haƙa musu rijiyar burtsatse, ya biya wa yaransu makaranta. Auta tana cikin yaran. Da ta gama karatu suka ba ta ofis, suka ce ita ce jami'ar hulɗa da jama'ar unguwa.

Daidai ƙarƙashin allon, a wurin da duk wanda ya fito sai ya fara cin karo da shi, wata dattijuwa tana juya shinkafa a tukunya. Uwar Ƙofa ake ce mata, don ita ta fara ajiye tebur a nan tun ƙofar tana ta langa-langa. Ita ce mahaifiyar Auta. Auta ta sunkuyar da kai ta wuce ta ƙaramar ƙofa. Uwar ma ba ta ɗago ba.

Manaja yana tsaye a bakin taga, ya zuba hannu ɗaya a aljihu, ɗayan yana juya waya. Bai ce ta zauna ba.

“Zo ki ga wani abu.”

Ta matsa. Ta tagar ana hango kan kwanar titi. Wata buɗaɗɗiyar motar hukumar tsabtar gari tana tsaye a inuwa, da samari majiya ƙarfi zaune a bayanta suna kaɗa ƙafa. Auta ta san motar. Teburin da ya hau ta ba ya dawowa da ƙafa huɗu.

“Yallaɓai, ka yi min alkawari ba za a kai ga haka ba.”

“Ke ma kin yi min alkawari. Ni tun farko mota na so in kira, ke kika ce a'a, a gina musu kasuwa, iyayenmu ne, da su muka girma. Na sa hannu. Na je hedikwata na yi ta surutu kamar zan ari baki har suka yarda.” Ya juyo. Idonsa ya yi ja, ka san bai yi barcin kirki ba. “Kin manta wancan watan da tirela ta ja baya ta niƙe laimar mai lemo? Da jikarta tana ƙarƙashi fa? Darakta zai zo ne ya duba ko za a ƙara mana sabon sashe a nan ko a kai wani gari. Sabon sashe aiki ne ga 'yan unguwar nan. In ya ga ƙofa a cunkushe, kasuwar da ya biya kuma babu kowa, me kike so in ce masa?”

Gaskiyarsa ce, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona wa Auta rai.

“Darakta ya sauka daga jirgi, yana hanya. Na ce a rufe babbar ƙofa, babu ma'aikacin da zai fita ta nan sai ya shigo ya wuce. Direbansa zai kira ni in sun hau babban titi. In ya kira ni akwai sauran tebur ɗaya a waje, ni kuma zan kira waɗancan.” Ya nuna motar da haɓa. “Ko da na mahaifiyarki ne.”

Ta sauko daga bene tana riƙe da ƙarfen matakala. A harabar an shimfiɗa jar darduma tun daga ƙofa har bakin ofis, wani yana bin ta da tsintsiya. Ta fita ta tsaya a gaban teburin da ta girma a ƙarƙashinsa. Nan ta koyi rarrafe, nan ta yi aikin gida na makaranta a kan bokitin da aka kife. Har yanzu ƙafar teburin ta baya tana rawa, da wani guntun dutse ake tokare ta.

“Inna, sannu da aiki.”

“Sannu, ma'aikaciya. A zuba miki ne?”

“Inna, ki dubi kan kwana.”

“Na gani tun safe. Ba makauniya ba ce ni.”

“Wallahi ba wasa yake yi ba. Za su kwashe komai. Ki taimake ni, in kika tashi kowa zai tashi. Rumfa ta farko taki ce, har sunanki na sa aka rubuta. Ga famfo, ga inuwa, ga wuta.”

Mai Lemo, wadda ta kasa kunne daga teburin kusa, ta saki wata dariya. “Ga famfo, ga inuwa, ga wuta! To ga wa? Auta, 'yar nan, aljanu za mu sayar wa? Wane ma'aikaci ne zai zaga wannan katanga da rana tsaka, ya ci abinci, ya zago kafin a sake busa jiniya? Sai dai in kamfani zai raba musu fiffike.”

Matan suka kwashe da dariya. Uwar Ƙofa ba ta yi ba. Ta rufe tukunya, ta goge hannu da gefen zani, ta dubi 'yarta ido cikin ido.

“Watanni nawa kika yi kina zana kasuwar nan?”

“Inna, ba lokacin wannan maganar ba ne.”

“Kullum da rana nan kike zuwa ki ci abinci. Kullum. Kina ci kina latsa waya, kina magana da masu gini. Ko sau ɗaya kin taɓa cewa, Inna, a ina kuke so a yi muku? Kun je kun yi taro a otal, kun ɗauko masana daga wani gari. Mu sai katin gayyata muka gani.” Ta janyo katin daga ƙarƙashin faranti, mai rubutun ruwan zinariya, mai ya ɗan taɓa gefensa. Ta miƙa mata. “Ungo abinki. Ba a fafe gora ranar tafiya.”

Auta ta karɓa ta cusa a aljihun kwat. Kunya ta kama ta, haushi ma ya kama ta, ta rasa wanda ya fi. So ta yi ta ce ai don su ta yi, don kada motar can ta zo. Amma ta fasa, saboda ta san ba ta tambaya ba. Ta ɗauka tunda a nan aka haife ta, ta riga ta san amsar.

Jiniya ta busa.

Ƙofofin sassa suka buɗe, ma'aikata suka fito a rigunansu na aiki, suna cire safar hannu, suna karkaɗe garin sabulu daga kai. Tun asuba suke tsaye a gaban inji. Suka nufo babbar ƙofa yadda suka saba, suka tarar da ita a rufe, masu gadi sun jeru a gabanta.

“Yau babu fita sai baƙo ya wuce!”

“Wane baƙo? Shi zai ci mana abincin?”

Kafin ka ce kwabo harabar ta cika. Na baya suna turo na gaba, na gaba suna riƙe da sandunan ƙofa suna kiran masu abincinsu. Matan suka taso da faranti suna miƙawa ta tsakanin ƙarafa, masu gadi suna turewa. Wani faranti ya kife, miya ta fantsama a kan jar darduma. Wani ya fara dukan ƙofa da tafin hannu, wasu suka taya shi. Auta ta kutsa ta ƙaramar ƙofa ta shiga ciki, ta ɗaga kai. Manaja yana bakin taga, waya a kunne. Daga kan kwana ta ji an tayar da injin mota.

Ta tsaya a tsakiyar hayaniyar. Ga masu saye a kulle a ciki, ga masu sayarwa a waje, ga kasuwa can baya babu kowa. Ta juya ta dubi ƙarshen harabar, can bayan ɗakin ajiya, inda saman tsohuwar ƙofa yake leƙowa. Daga ciki ashe ko tafiyar kirki babu.

Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta ruga ɗakin masu gadi.

Shugabansu tsohon soja ne, Sajan ake ce masa, ya san ta tun tana goye. Yana tsaye a bakin ɗaki yana ta busa usur, babu mai jin sa.

“Baba, makullin ƙofar baya.”

“Na me?”

“Ka ba ni, don Allah.”

“Ke, Auta, kin san me kike faɗa? Na'urar duba katin ma'aikata a nan take. Wanda ya fita ta can bai bi ta na'ura ba. In sabulu ɗaya ya ɓata, wuyana za a kama. Saura kaɗan in yi ritaya, kina so in tafi da baƙin jini?”

“Ba kai ka ba ni ba. Ni na ɗauka, kana can kana busa usur.”

Sajan ya dube ta, ya dubi ƙafafunta babu takalmi, ya dubi motar hukuma da ta fara gangarowa a hankali. Ya yi tsaki. Ya juya mata baya ya ci gaba da busa usur ɗinsa, yana cewa kamar da iska yake, “Mai jan zare ne, a ƙusa ta ƙarshe. Sai an ɗaga ƙofar sama kafin ta buɗu.”

Ta fizgi makullin. A hanya ta cafko hannun Dogo, wani mai lodi da muryarsa take kai wa ƙarshen unguwa.

“Zo ka taya ni. In ta buɗu, ka faɗa musu.”

Kwaɗon ya ƙi. Ta murɗa, ta sake murɗawa har makullin ya yanke ta a yatsa. Dogo ya sa dutse ya ƙwanƙwasa shi, sannan ya saki. Suka sa kafaɗa, suka ɗaga, ƙofar ta yi wata ƙara mai tsinka zuciya ta buɗe. Ga koren fenti, ga jan ƙyalle, taku kaɗan daga bakin ƙofa.

Dogo ya haɗa tafin hannu a baki. “Jama'a! Ta baya! Ƙofar baya a buɗe take!”

Yunwa ba ta jiran bayani. Taron ya juya gaba ɗaya, suka kwararo ta gefen ɗakin ajiya, har sai da Auta ta manne da bango. Na farko da ya fita bai ma lura da jan ƙyallen ba, ya ɗaga shi ya wuce ta ƙasa. Suka cika rumfunan, suka tsaya suna waige-waige.

“To ina abincin?”

Auta ba ta jira ba. Ta koma da gudu ta cikin harabar. Kafin ta isa, matan sun riga sun ga ƙeyar masu sayensu ta tsakanin ƙarafa. Ta ji muryar Mai Lemo tana kwarmato, “Sun fita ta baya! Wayyo kasuwata!” Matar da ta ce sai an raba fiffike ita ce a gaba, tire a ka, tana bin katanga da gudun da jikarta ma ba za ta kamo ta ba. Masu tukwane suka bi, masu kujeru suka bi, mai shayi ya tura amalankensa butar tana tafasa. Samarin motar hukuma suka diro suka tsaya sororo, suna kallon aikinsu yana gudu da ƙafarsa.

Tebur ɗaya ya rage.

Uwar Ƙofa tana zaune a bayansa, ta harɗe hannuwa, ko gezau. Biyu daga cikin samarin suka nufo ta. Auta ta fito ta ƙaramar ƙofa tana haki, ta sha gabansu.

“Ku dakata. Mahaifiyata ce. Ni zan ɗauka.”

Ta juya ta durƙusa a gaban teburin, a kan ƙasar da mai da ruwan wanke-wanke suka daɗe da baƙanta ta.

“Inna, na yi laifi. Ban tambaye ki ba. Amma yanzu ina roƙon ki, kada ki bari su taɓa shi.”

Dattijuwar ta daɗe tana kallon ta. Ta dubi yatsan da yake jini, ta dubi ƙafafun da suka yi buɗu-buɗu. Daga nesa aka fara jin jiniyar motocin rakiya.

“Ina takalmanki?”

“Ban sani ba.”

“Kullum ke kenan.” Ta miƙe da ƙyar, ta naɗe gammo, ta ɗora tukunyar a ka. “Kama can. Ki bi a hankali, ƙafar baya tana rawa.”

Katanga ta yi musu nisa, lokaci kuma babu. Sajan ne ya zare sakatar babbar ƙofa da kansa. Uwar Ƙofa ta tsaya a bakin shiga. Shekarun da ta yi tana ciyar da masana'antar nan, ba ta taɓa taka cikinta ba. Ta dubi jar dardumar, ta goge silifas ɗinta a ƙasa, ta hau. Haka suka ratsa harabar, uwa a gaba da tukunya a ka da gefen tebur a hannu ɗaya, 'ya a baya, motocin Darakta suna shigowa a bayansu a hankali don babu hanyar wucewa.

Teburin yana da nauyi, suna tafiya suna hutawa. Kafin su kai ƙofar baya, Manaja da Darakta sun cim musu a ƙafa. Darakta wani gajeren dattijo ne mai furfura. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kasuwar. Ta cika maƙil. Hayaƙi yana tashi daga rumfuna, ana ta ruwan ciniki, famfo yana zuba, an tattake jan ƙyallen a ƙasa, wata ta ɗauki almakashin tana yanka leda da shi.

“Madalla,” in ji Darakta. “Na sha buɗe kasuwanni, yau na ga wadda ta buɗe kanta. Wa ya kawo shawarar wannan ƙofa?”

Manaja ya gyara wuyan riga. “Ranka ya daɗe, mun jima muna nazarinta.”

Sannan ya matso kusa da Auta, ya rage murya, murmushin bai bar fuskarsa ba. “Ni da ke za mu yi maganar makulli gobe. Yanzu ki kai ta rumfa ta farko, masu hoto suna jira.”

Rumfa ta farko tana nan babu kowa, matan sun bar mata ita, ga sunanta a sama da farin fenti. Auta ta gyara riƙon teburin. Ta buɗe baki za ta ce Inna mu je, sai ta haɗiye.

“Inna, a ina kike so a ajiye?”

Uwar Ƙofa ta dubi rumfar. Ta dubi ƙofar, ta bi ma'aikatan da suke fitowa da ido, ta ga inda kafaɗarsu take karkata in sun fito. Ta nuna wani wuri da ƙafa, a waje, a cikin rana, jikin ginshiƙin ƙofa.

“Nan.”

“Malama,” in ji Manaja, a hankali.

Auta ta sauke teburin a nan. Ya yi rawa, don an baro dutsen a can gaba. Ta laluba aljihu, ta zaro katin gayyatar, ta ninke shi gida huɗu, ta durƙusa ta cusa a ƙarƙashin ƙafar baya. Ta girgiza shi ta ji ya zauna.

Uwar Ƙofa ta sauke tukunya, ta buɗe murfi, ta ɗauki ludayi.

“Wa ke gaba?”